Kallon gasar dawaki ta Aachen: wace rana, wace kujera, me za a sa wa ido?

Abban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawarar manya nake nema. Idan mutum ya ƙudura zuwa Jamus kallon gasar dawaki ta CHIO da ake yi a Aachen duk shekara, kuma kwana huɗu ko biyar kaɗai zai iya yi, waɗanne ranaku ya kamata ya kama, wane tikiti zai saya? Sannan wanda idonsa ya saba da hawan sallah da sukuwa, me zai lura da shi don kada ya je ya dawo bai gane abin da ya gani ba?

Malam Na-Barga:
Wa alaikumus salam. Abban Sadik, fara cire sukuwa daga ranka, babu ita a wurin. Ba a jera dawaki a sake su a ga wanda zai riga isa. Fanni biyar ake yi: tsallake shinge, diresaj wato gasar horo, gasar uku-a-ɗaya wato horo da tsallake da gudun daji da doki ɗaya, tuƙin keken dawaki huɗu, da wasan alkafura a bayan doki. Ƙungiyar mahaya dawaki ta Aachen, ALRV, da aka kafa a 1898 ce ke shirya ta a filin Soers, kwana goma, yawanci ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. A filin nan aka yi gasar duniya ta 2006, kuma shi hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta sake ba wa ta 2026.

A tsarin da aka saba, ƙarshen makon farko na masu alkafura ne. Talata bikin buɗewa. Daga Alhamis wuta ke kamawa: da dare Kofin Ƙasashe na tsallake, Juma'a 'yan uku-a-ɗaya su yi horo da tsallake, Asabar gudun daji da na keke, Lahadi diresaj mai kiɗa sannan Babbar Gasa ta tsallake. Mai kwana biyar ya sauka Laraba, ya kalli Alhamis zuwa Lahadi, ya tashi Litinin. Amma a duba jadawalin shekarar da za a je, don shekarar da wata babbar gasa ta faɗo ana taɓa ranakun.

Baffan Kolon:
Kafin maganar doki, a yi maganar takarda, don nan yawancin tafiye-tafiyen ke mutuwa. Tikiti ake fara saye, ba biza ba. Ana fara sayar da shi tun kusan shekara guda kafin gasar, kuma na daren Alhamis da na Lahadi su ne ke fara ƙarewa. Tikitin nan kuma shi ne shaidar dalilin tafiyarka a ofishin jakadanci.

Bizar Shengen ce ta gajeren zama, wato bizar bai-ɗaya ta rukunin ƙasashen Turai da Jamus ke ciki. Ana karɓar takardu daga wata 6 kafin tafiya, kuma kada a bari ya rage ƙasa da kwana 15, ko da yake wanda ya jira har lokacin ya riga ya makara, samun ranar ganawa kaɗai na iya cin makonni. Kuɗinta Yuro 90 ga baligi tun watan Yunin 2024. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka bar Turai, da shafi biyu babu komai. Inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai Yuro 30,000. Takardar otal, ta jirgi, bayanin asusun banki, da shaidar aiki ko kasuwancin da zai dawo da kai gida. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne a zuba kuɗi masu yawa a asusu dare ɗaya ana gobe za a ciro bayanin banki. Suna ganewa.

Ɗan Damagaram:
Baffa, ƙara maganar masauki. Otal a cikin Aachen makon gasar ko dai ya cika ko kuɗinsa ya haura. Garin yana bakin iyakar Holan da Beljiyam, don haka mutane kan kwana a Vaals, Kerkrade, Heerlen ko Maastricht ta ɓangaren Holan, ko Eupen ta Beljiyam.

Baffan Kolon:
Haka ne, amma da sharaɗi. Ƙa'idar Shengen ita ce a nemi biza wurin ƙasar da ita ce maƙasudin tafiya. Idan ka miƙa wa Jamusawa takarda alhali duk kwanakinka a otal ɗin Holan suke, ka jawo wa kanka tambaya. Sai dai ka yi bayani a wasiƙarka, ko ka huta ka kwana ta ɓangaren Jamus, a Herzogenrath, Düren, ko ma Kolon. Daga Kolon kusan kilomita 70 ne, jirgin ƙasa na yanki kusan awa ɗaya. Wanda ya kwana ƙetaren iyaka ya riƙa yawo da fasfonsa kullum, ana iya tsayar da bas a duba.

Daga Abuja ko Legas akwai jirgi kai tsaye zuwa Frankfurt, daga tashar jirgin saman kuma jirgin ƙasa na ICE mai zuwa Brussels yana tsayawa Aachen, kusan awa ɗaya da rabi. Kada a sayi tikitin jirgin ƙasa mai arha wanda aka ɗaure da jirgi ɗaya a ranar sauka. In layin shige da fice ya riƙe ka, kuɗin sun tafi.

Abban Sadik:
Na gode Baffa. To tikitin filin fa, guda ɗaya ne ya buɗe ko'ina?

Malam Na-Barga:
A'a. Kowane fage da nasa. Babban fage na tsallake yana cin mutum 40,000, na diresaj kuma 6,300. Tikitin wancan ba zai zaunar da kai a wannan ba. Kuma a lura da kalma ɗaya wajen zaɓen kujera, ko tana ƙarƙashin rufi ko a'a. Aachen garin ruwa ne ko a tsakiyar bazararsu, layukan gaba kuma ko akwai rufi iska na koro ruwa kansu.

Ni shawarata a babban fage ita ce a hau sama. Fagen ciyawa ne, ya fi filin ƙwallo biyu girma, har da tafki a ciki. Daga sama kake ganin hanyar gaba ɗaya, inda mahayi ya yanke kwana, inda ya ƙara taku ɗaya, inda ya rage.

Zagi:
Malam, da girmamawa, ban yarda ba. Wanda ya hau sama tamkar talabijin yake kallo, dawakin su zama ƙanana. Mutum ya taso tun daga Kano don ya ji ƙarar kofato da numfashin doki, ya ga tsayin shingen nan mita 1.60 a gaban idonsa. Wurin 'yan tsaye ma ya fi arha kuma ya fi kusa.

Malam Na-Barga:
Ɗana, ba ka yi ƙarya ba, amma a ƙasa shinge uku ko huɗu za ka gani da kyau, sauran shinge na gaba ya kare su. A raba: rana ɗaya a ƙasa don jiki ya ji, ranar Lahadi a sama don ido ya gane. Wurin 'yan tsaye kuma sai an yi sammako a kama bakin ƙarfe, kuma in ka tashi neman ruwa wani ya maye. Dattijo ko mai ciwon gwiwa kada ya gwada, yini ne guda.

Ga yadda ake ƙirga, don wanda bai san shi ba zai ga kamar tsalle ne kawai. Tuta ja tana dama, fara tana hagu, da su za ka gane ta inda ake tunkarar kowane shinge. In an kaɗa ƙararrawa, mahayi na da sakan 45 ya ƙetare layin farawa. Sandar shinge ta faɗi, tara maki 4. Doki ya turje ko ya kauce, maki 4, ya sake na biyu an fitar da shi. Mahayi ya faɗo, an fitar. Ramin ruwa mai faɗin kusan mita 4 yana da farin katako a bakinsa da aka shafa wa wani abu mai laushi kamar yumɓu, in kofato ya taɓa sai shaida ta fito, maki 4 ko da ruwa bai fantsama ba. Idan shinge biyu ko uku ne a jere masu lamba ɗaya, A da B da C, doki ya turje a B, sai an koma tun daga A. Sannan akwai lokacin da aka ƙayyade, wanda ya wuce shi maki ɗaya duk sakan huɗu.

Hajiya Mai Kili:
Malam, wannan ta ƙarshen tsohuwar doka ce. Yanzu maki ɗaya ne a kan kowane sakan da aka shiga. Shi ya sa za ka ga mahayi bai kayar da ko sanda ɗaya ba amma allo ya nuna 2 ko 3, jama'a su yi ajiyar zuciya.

Malam Na-Barga:
Gaskiyarki Hajiya, na karɓi gyara. Kuma wannan canjin ya sa lafaɓawa don tsoron sanda ba ta biya.

Abin da nake so kowa ya kama shi ne rabin awa kafin a fara. Mahaya na shiga fage da ƙafa su taka hanyar. Za ka gan su suna dogon taku suna ƙirgawa: taku huɗu na mutum shi ne taku ɗaya na doki, kusan mita 3.65. Mai tsara hanya da gangan yake sa tazarar da ba ta cika ba, misali wadda ta fi taku biyar amma ba ta kai shida ba. Mahayi sai ya zaɓa, ko ya saki doki ya miƙe ya yi biyar, ya iso shinge a shimfiɗe ya buge da ƙafar gaba, ko ya tattaro shi ya yi shida, ya rasa ƙarfin ƙetare faɗi ya buge da ta baya. Ka zaɓi layi ɗaya irin wannan ka riƙa ƙirga wa kowane doki. Bayan doki goma za ka fara sanin sandar da za ta faɗi tun kafin ta faɗi. Kofin da sandar ke kwance a kai zurfinsa bai wuce santimita 2 ba, shafa kaɗan ta isa.

Daren Alhamis ƙasa-ƙasa ake yi, mahaya huɗu kowace ƙasa, zagaye biyu a hanya ɗaya, ana zubar da makin wanda ya fi ɓaci a ɗauki uku. Kada a rikita shi da na Olamfik, inda tun wasannin Tokyo mutum uku ne kuma ba a zubar da na kowa. Lahadi mahaya 40 ke farawa, 18 su wuce zagaye na biyu a sabuwar hanya, waɗanda suka yi kunnen doki su shiga zagayen raba gardama, gajere, da agogo. Tana cikin manyan gasa huɗu na Rolex tare da Geneva, Spruce Meadows ta Kanada da ta 's-Hertogenbosch a Holan. Scott Brash na Birtaniya da dokinsa Hello Sanctos ya ci uku a jere ya kammala a 2015.

Zagi:
To shi diresaj ɗin nan fa? A bidiyo dai ni rawar doki nake gani, irin wadda kowane bargaji na kirki zai sa dokinsa ya yi a hawan daushe. Kuɗin tikitinsa bai fi a ƙara wata ranar tsallake ba?

Hajiya Mai Kili:
Ƙanena, kamannin suna nan, amma tushen daban. Dokin hawa yana takama ne saboda kiɗa da kaimi da riƙon linzami sun ɗaga masa jini. A diresaj ɗaga jini laifi ne. Abin da alƙali ke nema shi ne doki ya yi aiki mafi wuya alhali bayansa a sake, bakinsa a natse, wutsiyarsa ba ta kaɗawa da fushi, kuma ya yi shi daidai kan harafin da aka ce, ba taku ɗaya gaba ba.

Fagen mita 20 ne a 60, da haruffa a kewaye. Ana shiga ta A, alƙalin da ke shugabanta yana C. Alƙalai biyar ne, a gasar duniya bakwai. Kowane motsi ana ba shi maki daga 0 zuwa 10 har da rabi, a haɗa a fitar da kashi cikin ɗari. Wanda ya haura 70 ya yi abin kirki, wanda ya haura 80 kofi yake nema. A fannin kiɗa Charlotte Dujardin da Valegro sun kai 94.300 a Landan a 2014.

Abubuwa huɗu za ka sa wa ido. Fiyaf, sassarfa ce a wuri ɗaya, taku 12 zuwa 15. Duba ko ƙugu ya sauka ƙafafun baya sun shigo ƙarƙashin ciki, ko kuwa gaba ce kawai ke ɗagawa baya na jan ƙasa. Sauyin ƙafa a cikin ƙaramar sukuwa, sau 15 a jere, kowane taku da sauyi. Ƙirga da bakinka a hankali, in ƙafar baya ta makara za ka ga kamar tuntuɓe. Juyi a kan ƙafafun baya, taku 6 zuwa 8, ba tare da ƙafa ta kafe a ƙasa ba. Na huɗun shi ne wanda baƙo ke rainawa, tafiya zalla. Ana ninka makinta biyu, kuma dokin da ke cikin fargaba ba ya iya ɓoye ta a nan, sai ka ga takunsa huɗu sun rikice.

Kujera kuma: gefen tsawo yana nuna faɗin taku da aikin ƙafar baya, gefen C yana nuna ko doki a miƙe yake. Mai koyo ya zauna gefen tsawo. Kuma a yi shiru. Ba a tafi sai mahayi ya tsaya ya yi gaisuwar ƙarshe, ba a tashi daga kujera ana cikin gwaji. Shi kansa mahayin in ya yi wa doki magana ko ya yi masa tsaki ana rage masa maki.

Likitan Dawaki:
Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ni a wurina mafi amfanin wuri a Soers ba shi da kujera mai lamba. Fagen ɗumama jiki ne. A can za ka ga minti 30 zuwa 45 da ke gaban minti biyun da ake nunawa a talabijin: yadda ake fara da tafiya da sakakken linzami, yadda ake ɗaga sanda kaɗan-kaɗan, sau nawa ake tsalle, wanda yawanci bai kai yadda mutane ke zato ba. Duba kofato za ka ga ƙusoshi masu zare da ake ɗaurawa a takalmin doki don kada ya zame a ciyawa, ana canza tsawonsu gwargwadon laushin ƙasa. Hular kunne tana rage hayaniya. Jan ƙyalle a wutsiya yana nufin dokin na harbi.

Akwai jami'ai a tsaye da ke da ikon tsayar da kowa. Tun 2010 FEI ta hana lanƙwasa wuyan doki da ƙarfi har haɓa ta nufi ƙirji. Bayan an fito daga fage ana cire kayan kariyar ƙafa a duba, ana shafa gefen ciki da farin safar hannu a ga ko kaimi ya fasa fata. A diresaj in alƙalin C ya ga sabon jini a baki, zai kaɗa ƙararrawa ya duba, in ya tabbata an fita ke nan.

Zagi:
Likita, ai ko da dokar ana yi. An sha ganin hotunan manyan mahayansu doki harshe ya yi shuɗi saboda matsi. Su ma ba waliyyai ba ne, kada a zo ana nuna mana kamar mu kaɗai ke wahalar da doki.

Likitan Dawaki:
Ban ce waliyyai ba ne, kuma hotunan gaskiya ne, su suka jawo aka fito da ma'aunin da ake zurawa ƙarƙashin igiyar hanci a ga ko an matse ta fiye da kima. Bambancin shi ne a can jini a bakin doki abin kunya ne da ke fitar da mutum daga gasa a gaban dubban jama'a. A wurinmu, ranar hawa, doki nawa ke komawa muri da kumfa ja a baki saboda linzami mai zobe da hannu mai nauyi, kuma a ce ya yi jahi mai kyau? Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Wanda ya je Aachen ya dawo da hotuna kawai bai dawo da sauƙin hannu ba, dokinsa bai amfana da tafiyar ba.

Malam Na-Barga:
Likita, a yi adalci ga linzaminmu. An ƙera shi ne don tsayar da doki nan take da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da mashi. A hannun gwani da ƙyar ake taɓa shi. Matsalar yaran da ake ɗora wa doki ranar sallah ne ba su taɓa koyon zama ba, sai su riƙe linzami don kada su faɗi.

Likitan Dawaki:
Na yarda da rabin wannan, ranka ya daɗe. Ɗaya rabin shi ne ƙarfen da maƙeri bai goge ba da zoben da ya yi wa haɓa kaɗan, waɗannan ko a hannun gwani suna yanka.

Wani abu kuma, kada kowa ya sa rai zai shiga barga. A rufe take sai mai izini, saboda tsaron magunguna da cuta. A 2021 cutar hafis ta dawaki ta ɓarke a wata gasa a Valencia ta Sifaniya, har FEI ta dakatar da gasa a ƙasashen Turai da dama na makonni. Kuma wannan tsoron cuta ne ya sa ba za ka ɗauko doki daga Najeriya ko Nijar ka kai Turai kai tsaye ba, saboda ciwon dawaki na Afirka da ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa. Kada a miƙa wa dokin kowa hannu ko abinci ta kan shinge.

Ɗan Damagaram:
Asabar tana son shiri na daban, don a waje ake yi, cikin gonaki da ciyawa. A Aachen 'yan uku-a-ɗaya gudun daji ne na ƙarshe, kusan kilomita 4, gudun mita 570 a minti, su ƙare a cikin babban fage. Shingayen nan ba sa faɗuwa, kututture ne da rami da ruwa. Turjiya maki 20, kowane sakan na latti 0.4, wato sakan 20 maki 8. Wasu shingayen an sa musu maƙalli mai karyewa don kada doki ya kifa, in ya karye maki 11.

Kuskuren baƙo shi ne ya yi ta gudu daga shinge zuwa shinge, ya ƙare bai ga komai ba. A taka hanyar da sassafe kafin a fara, a zaɓi wuri biyu, ɗaya a bakin ruwa, ɗaya inda ake da siraran shingaye a karkace, a zauna a ga doki biyar ko shida a kowanne. In ka ji usur doki na tafe, kada ka ƙetare igiya sai inda mai gadi ya buɗe.

Da rana sai kekuna. Dawaki huɗu, direba ɗaya riƙe da igiyoyi huɗu, mataimaka a baya suna jefa jikinsu gefe don kada keken ya kife a kwana. Kowane tarko yana da ƙofofi masu haruffa da za a bi a jere, A, B, C har zuwa F, agogo na tafiya. Ka kalli dawakin gaba biyu, sau da yawa sun riga sun juya sun fuskanci inda keken ya fito alhali na baya ba su gama shiga ba. A nan ihu halal ne, ba kamar wurin Hajiya ba.

Takalmi mai rufi wanda ba ya shan ruwa, rigar ruwa maimakon lema. Lema tana kare na baya kuma buɗe ta farat ɗaya kusa da igiya na firgita doki. A kashe fitilar kyamara.

Abban Sadik:
Allah ya saka. Abinci da salla fa? Ana iya tafiya da guzuri daga gida?

Baffan Kolon:
Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk a bar su a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi daga ƙasashenmu, ana ƙwacewa kuma ana iya cin tara. Kuɗi a hannu in sun kai Yuro 10,000 sai an bayyana wa kwastan.

A filin, yawancin tsiran da ake gasawa na alade ne, kalmar da za a kiyaye ita ce Schwein. Akwai kifi, soyayyen dankali, wainar dankali, burodi da cuku. A cikin gari shagunan Turkawa da Larabawa suna da yawa. In an ƙara maka kuɗi a kan kofi ko kwalba, ajiya ce, mayar da shi a ba ka kuɗinka. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, a yi sayayya Asabar.

Agogonsu a bazara yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura na dare, don haka magariba za ta riske ka a tsakiyar Kofin Ƙasashe. A riƙe alwala da ƙaramar darduma, alƙibla kudu maso gabas. Juma'a akwai Masallacin Bilal kusa da jami'a da Masallacin Yunus Emre a gabashin gari. Dare na yin sanyi ko da rana ta yi zafi, a ɗauki rigar sanyi ranar Alhamis.

Ɗan Damagaram:
Mutanen Najeriya su sayi mahaɗin soket tun daga gida, naku mai baki uku ba ya shiga bangon Jamus. Namu na Nijar mai baki biyu zagayayye yana shiga.

Hajiya Mai Kili:
Sai kasuwar da ke cikin filin, rumfuna wajen 200, nan kuɗi ke zubewa. A tuna dawakinsu manya ne, santimita 165 zuwa 175 a doro, namu kuwa yawanci 145 zuwa 155. Kayan kai da aka rubuta wa Full ko Warmblood zai yi wa namu yawa, a nemi Cob, girman da bai kai wancan ba. Ƙarfen baki a auna na gida da zare kafin a taso, namu kan tsaya wajen santimita 11.5 zuwa 12.5, nasu 13.5 zuwa sama. Wanda ya yi yawa yana zamewa gefe ya goge leɓe. Sirdi kuwa kada a saya da ka. Sirdin da bai zauna daidai bayan doki ba yana fasa doro, kuma ba a gane hakan a kanti. Abin da ya cancanci kuɗi shi ne hular kwano mai inganci, majanyi mai laushi, da kayan gyaran kofato.

Baffan Kolon:
Kuma a nemi takardar mayar da haraji a rumfar da aka saya. Harajin kaya a Jamus kashi 19 ne, wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba yana iya karɓar wani abu daga ciki in rasit ɗin ya haura Yuro 50. Sai kwastan sun buga hatimi a tashar jirgi, kuma suna iya cewa a nuna kayan, don haka kada a tura jaka kafin a je wurinsu.

Malam Na-Barga:
Abban Sadik, sa farin hankici a aljihu ranar Lahadi. Bayan an ba da kofi mahayan dukkan ƙasashe na shigowa fage a kan dawakinsu, jama'a 40,000 su miƙe suna kaɗa farin ƙyalle ana sallama. Masu gudun cunkoso kan fita kafin wannan, kada ka bi su.

Baffan Kolon:
Saboda haka kada a sa jirgin komawa daren Lahadi. Titin Krefelder yana cushewa bayan sallamar, bas zuwa tashar jirgin ƙasa na iya cin ninkin lokacin da ya saba. A kwana, a kama jirgin Frankfurt da safiyar Litinin, a bar aƙalla awa uku tsakanin isa tasha da tashin jirgi saboda layin kwastan na hatimin nan.